Zuƙa Biyu

Igiya na hannun Bakari na hagu, na dama yana laluben aljihu. Can ƙasa, gaba goma sha biyu cikin rijiyar da suke haƙa a Nassarawo, digar abokin aikinsa Tizhe na cin laka, tim, tim. Lebura biyun da ke taya su ja sun zagaya bayan katanga cin abincin rana.

Yau kwana talatin cif rabon Bakari da tabar wiwi.

Daga yaƙin basasa ya dawo da ita, shekara biyu ke nan. Da fari naɗi ɗaya kan kwantar masa da ƙarar bindigar da ke cikin kansa har yamma. Ya zama uku, ya zama shida, daga baya ko takwas ya zuƙe sai ka ce hayaƙin kara ya sha, tari kawai. Vandi, wanda suka yi soja tare, shi ya ba shi dabara.

"Jikinka ne ya saba, mutumina. Ajiye ta wata guda. Amma ran da ka koma, zuƙa biyu, ka ji ko? Biyu tak. Ba za ta same ka yadda ta bar ka ba."

Kai, ya ji jiki a watan nan! Barci ya ƙaura, gumi ba dare ba rana, tuwo a bakinsa kamar ƙasa. Har tulu ya fasa don kawai ya tare masa hanya. Matarsa Fanna ta haɗiye duka, ta bi maƙwabta gida gida tana murna wai maigidanta ya tuba. Bai ƙaryata ta ba. Da wane baki zai ce mata ba dainawa ya yi ba, so yake tabar ta sake kama shi?

Labari ya kai kunnen Miriyamu, matar Tizhe, wadda ta daɗe da rantsuwar mijinta ba zai ƙara shiga rami ba muddin mashayi ke riƙe da igiya. Da safen nan ita da kanta ta kawo musu kunu.

"Sannu da ƙoƙari, Baban Adi," ta ce wa Bakari. "Allah ya ƙara maka ƙarfi."

Ƙa'idar aikin ba wuya. In na ciki ya ja igiya sau ɗaya, a ɗauke gugan ƙasa. In ya ja sau uku, iska ta ƙare masa, a ƙwala kira a fito da shi maza.

Bakari ya ciro naɗin. Tun asuba ya yi shi, kuma yatsunsa ba su san wata ya wuce ba, sun naɗa irin na da, mai kaurin babban yatsa. Ya kunna. Zuƙa ɗaya, biyu. Ya jira, bai ji komai ba. Vandi da surutu, ya ce a ransa. Ya ci gaba har wuta ta taɓa masa farce.

Sai ga ta. Ta sauko masa daga tsakar ka zuwa tafin ƙafa, bindigogin nan duka suka yi tsit. Rabonsa da irin wannan daɗi tun shekarar farko. Hawaye suka zubo masa don murna.

Igiya ta motsa a hannunsa. Ɗaya. Biyu. Ko uku ne? Ya fara ƙirga daga farko, lissafin ya zame. Ya zuba mata ido tana rawa a bakin rijiya, abin ya ba shi dariya. Wani gefe na zuciyarsa ya ce a yi kira, harshe ya ƙi ɗaguwa. Bari dai wannan ya ɗan lafa tukuna.

"Soja! Yaya diga ta yi shiru?"

Leburorin ne suka dawo. Suka ture shi suka kama ja. Da aka fito da Tizhe, igiya ta yanka masa tafin hannu saboda jan da ya yi ta yi, kuma babu numfashi.

Kafin la'asar wurin ya cika. Wani ya ce ya ji warin wiwi a jikin Bakari. Fanna ta zabura tana kuka.

"Ƙarya ne! Wata guda cur bai taɓa ba, unguwa duk shaida ce!"

Miriyamu na durƙushe, kan mijinta a cinyarta. Ba ta ko ɗago ba.

"Ku bar shi," ta ce. "Na san ya daina. Shi ya sa na bar Tizhe ya shiga."

Bakari ya so ya ji baƙin ciki, wallahi ya so. Amma daɗin nan na yawo a jikinsa har yanzu, ya ƙi sakinsa.