Ɗakin Sekinat

Hajjo na tsakar gida tana gurzar auduga aka yi sallama a zaure, aka ce motar da ɗanta Ɗanasabe ke tuƙi ta kife kafin Malumfashi. Ba ta yi kuka a lokacin ba. Ta ci gaba da murza ƙarfen, audugar na tashi, sai ta ga kamar duk Funtuwa ta koma auduga, ba nauyi, ba motsi.

Ya bar matarsa Sekinat, 'yar wani Bayarabe mai sayar da atamfa, da jaririya Shafa'atu. Ranar sadakar bakwai uban Sekinat ya tsaya a zaure ya ce, "Hajjo, tana fita takaba Ogbomosho za mu kai ta. Gidanki ɗaki ɗaya ne. Uwar miji da matar ɗa a gado ɗaya?"

"In na gina mata fa?"

"In kin gina ta zauna. Ita ɗin ma a nan aka haife ta, ko Yarbancin kirki ba ta iya ba."

To amma unguwar sabuwa ce, awon hukumar En'e, ba a ɗora tubali sai da takarda. Hajjo ta yafa mayafi ta tafi ofis.

"Sunan mai filin?" in ji akawu.

"Na yaron nan ne."

"Wane yaro, Inna? Yara sun cika gari."

Ɗan fari ne. Shekara ashirin da bakwai bakinta bai taɓa kama sunansa ba, don kunya. Ta dubi ƙasa, ta dubi fankar da ke juyawa a hankali.

"Ɗanasabe," ta ce. Sai ta ji sunan da daɗi a baki, kamar ya amsa daga bayan ƙofa.

"To shi zai zo ya dangwala."

"Yana ƙasa."

Akawu ya ajiye alƙalami. "Allah ya jiƙansa. Sai alƙali ya raba gado, sannan takarda ta je Katsina ta dawo."

Duba-gari dai ya zo ya yi awo. Ya kafa turaku huɗu gefen rumbu, ya ja igiya, ya ce nan bango, nan taga, nan ƙofa. Sekinat ta shiga tsakiya da goyonta ta juya.

"Inna, gado nan za a sa. Ke kuma sai kin yi sallama kafin ki shigo mini."

"Ji 'yar nema. Ɗakin ma bai tashi ba har an fara kora ta."

Suka yi dariya. Hajjo kuwa tana ganin ɗakin sarai: shafen farar ƙasa, labule, jeren kwanoni, Shafa'atu na rarrafe a bakin ƙofa.

Takarda ta zo da hatiminta, wata biyu bayan jirgin ƙasa ya tafi da Sekinat da Shafa'atu.

Maƙwabciyarta Sabuwa ta ce, "Ki gina mana, ko sa dawo." Hajjo ta ce to. Damina ta zo ta wuce, igiya ta ruɓe, gara ta ci turakun.

Har yau, kullum da safe in ta ɗauki tsintsiya, ba ta tsallaka inda bango zai tsaya. Sai ta zagaya ta wurin ƙofa, ta yi sallama a hankali, ta ɗan dakata, sannan ta shiga ta share.