Wasiƙar Rufa'i a Cikin Kwamfuta

"Sake kunnawa," in ji Rufa'i daga kan tabarma.

Na sake, karo na tara. Injin ya yi gurnani, ya yi ƙara sau biyu, ya rubuto cewa shekarar 1980 ake ciki, in danna F1. Na danna. Allon ya yi baƙi, sai layuka kore da ja suka kama gudu a kai.

"Ta ce 1980 muke," na ce. "Ka ga ba ka yi laifin ba tukuna."

Bai yi dariya ba. Shekara ashirin muna maƙwabtaka a Bebeji, ni malamin makaranta mai ritaya, shi mai buga wa mutane wasiƙu. Kwamfutar nan wani ofis ne a Kano ya yar da ita bara, ya ɗauko ta a bayan babur ya maye gurbin tafiretarsa da ita. Yanzu ciwon hanta ya kwantar da shi, kuma a cikin kwamfutar akwai wasiƙar da ya yi mako uku yana bugawa da yatsa ɗaya, zuwa ga ƙaninsa Inuwa. A 1983 Rufa'i ya buga takardar gonar ubansu ta Ɗansoshiya, ya sa sunansa shi kaɗai. Tun ranar ba su ƙara gaisawa ba.

"Faɗa mini in rubuta da biro mana," na ce.

"Kai? Ka gyara mini magana ta koma jawabin ranar raba kyauta? Ko matarka, Allah ji ƙanta, sai da ka gyara mata wasiyya."

Gaskiya ne, sai na koma kan injin.

Saude, matarsa, ta leƙo da kofin kunu. "Malam, ko a tofa mata addu'a?"

"Tofa wa mijinki. Me ka taɓa kafin ta lalace, Rufa'i?"

"Idona ne ba ya gani. Na ga wurin girman allo, lambobi jere. Na zaɓi mafi girma, rubutu ya ƙara girma."

Babbar lamba ƙanƙanta rubutu take yi, kuma wannan tsohon allon ba ya iya ɗaukarta. Littafin da ya zo da injin na hannuna, rabinsa gara ta cinye. Na karanta littattafai masu wuyar gaske a rayuwata, babu wanda ya raina ni kamar wannan. A shafi na sittin ya ce a danna F8 tana tashi. Na danna da wuri, ta yi kuka. Na danna a makare, layukan suka dawo. Hadari na haɗuwa ta gabas, kuma a garin nan iska na kaɗawa wuta ke tafiya.

"Na aika Kwanar Dangora a faɗa wa Inuwa," in ji Saude a hankali. "Ya ce yana da shuka."

A karo na goma sha huɗu na dace. Allon ya fito, launi a dishe, haruffa manya-manya.

"Ga rubutun da kake nema," na ce, "sai da ka kashe ta ta ba ka."

Amma a wannan yanayin ba ta san firinta ba, balle a fitar da wasiƙar a takarda. Sai na cire direban allon da ya rikice, wato manhajar da ke sarrafa shi, na mayar da ita kan na gama-gari, na rage lambar, na kashe. Hannuna na kan makunni aka ɗauke wuta.

"Ta gyaru?" ya tambaya.

"Ta gyaru."

Ban sani ba. Ya rasu kafin la'asar, ruwa na zuba a kan kwano.

Washegari Inuwa ya zo, bayan an dawo daga maƙabarta, da laka a ƙafar wandonsa. Ya yi wa Saude gaisuwa daga bakin ƙofa, ya juya zai tafi. Na riƙe masa hannun riga.

"Akwai saƙonka."

"Malam, sake ni. Na ga irin takardunsa."

"Wannan ba ka gani ba. Ni ma haka."

Wuta ta dawo tun hantsi, amma na kasa gwadawa ni kaɗai. Na kunna. 1980, F1. Allon ya yi baƙi, ya daɗe, sannan ya haska sarai. Inuwa bai yi boko ba, don haka ni na karanta, yadda take, ban taɓa ko kalma ɗaya ba.

"Inuwa. Gonar tamu ce mu biyu, ni na cire sunanka da hannuna. Saude ta san inda takardar take. Ka yafe mini. Ka tuna ranar da Inna ta aike mu"

"Ina?" ya ce. "Ta aike mu ina?"

"Nan ya tsaya."

Ya ja kujerar Rufa'i ya zauna, ya cire hula ya ɗora a gwiwa. A ƙarshen layin wani ɗan siririn tsinke baƙi yana ɓacewa yana dawowa, shi kuma yana kallonsa.