Murya ta Goma Sha Ɗaya

"Ba zan yanke ba, Yallaɓai."

Shugaban gidan tarihin ya cire tabarau ya dubi mai naɗar sautin kamar bai ji da kyau ba. Wata bakwai ta yi tana kawo 'yan firamare ɗakin tsoffin fitilu, tana naɗar abin da kowa ya faɗa a gaban fitilar da ya zaɓa. An ɓoye ƙananan lasifikoki a ƙasan gilasan, in mutum ya matso sai muryar yaro ta tashi. Murya ashirin da uku. Ta goma sha ɗaya ce ta tsaya wa shugaban a rai.

Muryar Auta ce, 'yar shekara takwas mai in'ina. Sai da ta cinye daƙiƙa arba'in kafin ta iya cewa fitilar ta yi kama da ta kakarta da ta rasu.

"Malama, jibi manyan baƙi za su zo," in ji shi. "Ki sa kwamfuta ta share fi-fi-fi ɗin, maganar ai tana nan. Gata ma za ki yi wa yarinyar."

Ita kuwa tana da ƙa'idarta. Ba ta ɗora muryar yaro sai ta sa masa a kunne ya ji, ya ce shi ne. Auta ta ji tata sau biyu, ta riƙe mata gefen riga.

"Anti, ka-kar ki gyara ni. A gida kowa ƙa-ƙarasa mini yake."

Mai naɗar sautin ta maimaita wa shugaban wannan magana tana kallon tsakiyar idonsa.

"To cire ta gaba ɗaya, a huta."

"Ko ashirin da uku, ko babu ko ɗaya. Takardar da iyaye suka sa wa hannu ta ce sai da yardata."

"Karatun nan ya hau miki kai."

"Wataƙila, Yallaɓai."

Ranar buɗewa aka zare wayoyin lasifikokin duka. Mai naɗar sautin ta zo da takardar sallamarta daga aiki a jaka, ta tsaya bakin ƙofa kamar baƙuwa. Yara suka shigo da sabbin kaya, suna kara kunne a gilashi, suna waiwayenta. Auta ta fi kowa daɗewa a gaban fitilarta.

Mahaifiyar Auta ta matso, murya ƙasa-ƙasa.

"Haba ƙanwata. Da kin yanke, da aƙalla an ji ta."

Ita kuwa ba ta sunkuyar da kai ba.

Ba a gyara Auta ba. A kan haka mai naɗar sautin ta rasa aikinta da wahalar wata bakwai, yara ashirin da uku kuma suka koma gida ba wanda ya ji muryarsu.