Dorinar da ke bangon shagona

A layinmu na kasuwar Batsari ni kaɗai ke karɓar sefa, kuɗin Nijar. Sauran masu shaguna cewa suke wahalar canji ta fi ribar yawa. Ni kuwa ba don riba nake karɓa ba, zanen da ke jiki nake so. Ina da mai raƙuma, da mai kifi, da mai tsuntsaye, duk na manna su a bango. Mai dorina kaɗai na rasa, ga shi ban taɓa ganin dorina ba sai a mafarki.

Wata ranar kasuwa, bayan azahar, wani baƙo ya yi sallama. Armaya'u sunansa, malamin makaranta daga Maraɗi. Ya zo ganin wata bishiyar kuka a Runka, inda kakansa ya yi ƙira, don ya ɗauko wa mahaifiyarsa hotonta tun idonta bai gama rufewa ba. Nairarsa ta ƙare, motar ƙarshe ta zuwa Runka kuma na lodi.

Ya miƙo takardar sefa. "Baba, a taimaka da kuɗin mota."

Na duba. "Raƙumi ina da shi, ɗana. Dorina nake nema."

Ya yi dariya. "Baba, ai raƙumi ninkin dorina ne. Riƙe duka, ka ba ni na dorinar."

"Me zan yi da raƙuma biyu? Je ka kasuwar kara, fataken shanu na ƙasarku ba sa rasa ta."

Naira tana nan cikin gwangwani, kusa da gwiwata. Ya dube ni, ya dubi tasha, kunyar furfurata ta hana shi musu. Ya tafi da sauri.

Sai da aka kira la'asar ya dawo, gumi sharkaf, da dorina a hannu. Motar ta tashi. 'Yan acaɓa suka ce ko nawa zai biya ba mai bin hanyar nan da yamma. Washegari kuma aiki na jiransa a gida.

Ya ajiye takardar a kan buhun gishiri, ya yi mini sai wata rana.

Bayan sati biyu na rufe shago na tafi Runka. Na sami kukar, har da baƙin gurbin maƙera a gindinta. Wani tela ya ɗauka mini hoto, aka wanke a Safana.

Sai a hanyar dawowa na tuna ban tambayi lambar Armaya'u ba, ko unguwarsu.

Hoton yana bango kusa da dorinar. Duk wanda ya miƙo mini sefa yanzu, nakan ba shi naira tukuna, sannan in tambaye shi ko ya san wani malam Armaya'u.