Farar Hantsi

Duk wanda ya tashi a Damargu ya san da asuba ake kama fara, lokacin da sanyi ya ɗaure mata fiffike. Rana na ɗagawa, ko kai wane ne sai dai ka bi ta da ido. Amma ga Raishatu tsugune a gonar waken mijinta da hantsi, tana kwasar fara da hannu biyu kamar mai tsintar gyaɗa. Manya-manya, masu ƙwai, zube a gindin wake. Ta zunguri ɗaya da yatsa. Farar ta ɗan ja ƙafa, ta tsaya.

Abin ya tsaya mata a rai, ba a ce bai tsaya ba. Sai dai buhu na cika, kuma tana da wadda take yi dominta.

Balki ce, autarta, da ke aure a Belbeji da tsohon ciki, na fari. A salula ta yi mata kuka: "Inna, komai na ci sai ya dawo. Fararki kawai nake so, mai yajin nan." To wace uwa ce za ta ji wannan ta zauna?

Ta dafa farar da gishiri, ta shanya, ta cire fiffike da ƙafafu ta tara a tsohuwar ƙwarya. Washegari da safe ta soya da mai da yaji, ƙamshi ya cika unguwa. Da ba azumin ramuwa take yi ba, da ta ɗanɗana gishirin, da kuma labarin nan ya bi wata hanya. Ta ƙulle a leda, ta kai wa Rissa, direban da ke bi ta Ollelewa zuwa Belbeji.

"Hannu da hannu fa, Rissa. Kada ƙamshi ya ruɗe ka a hanya."

"Haba Inna, ni da amana?" Ya yi dariya ya ja mota.

Ta dawo gida da sanyin zuciya, ta watsa wa kaji abin da ke cikin ƙwaryar, ta shiga daka.

Bayan azahar ta fito neman tsintsiya, ta tarar da zakaranta a gindin rumbu, baki buɗe, wani ruwa mai yauƙi na zuba. Kaza mai 'ya'ya tana tafiya tana faɗuwa. 'Yan tsakin kuwa an riga an gama, sun miƙe ƙafafu a kan yashi. Raishatu ta daɗe tsaye. Ta dubi kajin, ta dubi ƙwaryar da ke kife, sai farar hantsin jiya ta faɗo mata a rai.

A haka mijinta Shu'aibu ya shigo, da hauya a kafaɗa. Mutum ne mai haƙuri, amma irin haƙurin nan na mai yin abin da ya ga dama a ɓoye don gudun surutu. Shekara da shekaru taki da toka da ruwan ganyen dogonyaro suke bai wa gonar nan, don Raishatu ta rantse abin da ke kashe ƙwaro ba zai shiga tukunyarta ba.

"Malam, me ka zuba wa wake?"

Ya dubi kajin, ya kau da kai.

"Malam, da kai nake."

"Fara ta kusa cinye shi, Raishatu. Ina kallon maƙwabta suna feshi, ni ina jiƙa ganye. Shekaranjiya da yamma na ari famfo."

"Wane magani ne?"

"A kasuwar Tanut na saya, cikin kwalba. Ba rubutu a jiki. Mai shi ya ce in ina so ya ci sosai in rage ruwa." Ya sauke hauyar. "Kajin sun shiga gona ne?"

"Gonar ce ta zo musu gida. Sauran kuma tana hanyar Belbeji."

Bai fahimta ba da farko. Da ya fahimta, sai ya zauna a ƙasa daɓas, dattijo da furfurarsa.

Raishatu ba ta tsaya zagi ba, ko da yake yana nan cike da bakinta. Ta ɗauki salula ta haye tudun bayan gari, inda ake samun layi. Lambar Balki a kashe. Ta sake, a kashe. Tsoro ya kama ta, irin wanda ba ta taɓa ji ba ko ranar da ta haifi yarinyar. Ta kira Rissa, da ƙyar ya ɗauka cikin ƙarar mota.

"Rissa, ledar nan, kada ka ba ta. Jefar da ita."

"Ai Inna na sauke amana tun kafin azahar. Ban ko juya ba ta kwance ƙullin a bakin ƙofa. Ni yanzu na yi nisa, na nufi arewa. Lafiya dai?"

Ta kashe kiran. Shu'aibu ya biyo ta tudun, ya tsaya nesa kaɗan, ya kasa matsowa. Ta ci gaba da danna lambar 'yarta har inuwar aduwa ta miƙe gabas.

Sai salular ta yi ƙara a hannunta.

"Inna!" Muryar Balki ce, fes, cike da murna. "Caji ne ya ƙare, yanzu aka karɓo min. Allah ya saka da alheri, Inna. Rabona da in ci abu ya zauna haka har na manta."

"Kin ci da yawa?"

"Saura kaɗan. Yajin dai ya yi ƙarfi, sai gumi nake, kaina na ɗan juyawa."

"Balki, saurara. Ki tashi yanzu, ki kira mijinki ya kai ki likita. Ki tafi da ledar a hannu, ki ce..."

"Likita kuma? Ai lafiyata lau, Inna. Shi ma mutumin naki na cikin nan da ya hana ni sakat da shure-shure, tun da na ci ya kwanta shiru. Ko motsi bai yi ba."