Hannun Na'ibi

Gidanmu na unguwar Nuzla, a ƙasar Makka, iyali bakwai ne cikin shinge ɗaya. Tare muka baro Sudan, tare muka ƙetare teku, kuma tun a hanya Malam Haladu, dattijon da ya jagorance mu, ya kafa mana doka: ba a yanke magana sai duk magidanta sun ɗaga hannu sun shafa Fatiha tare. In hannun mutum ɗaya ya tsaya a cinya, magana ba ta yanku ba. Dokar ta yi mana rana a hanya, don ba mu bar kowa a baya ba. Ni Usuman na fi kowa tinƙaho da ita.

Ɗakunanmu na kwano ne da katakon akwati. Ɗaya tak ne na dutse, mai taga ta arewa inda iska ke shigowa, shi ne na Malam. Da ya rasu bai bar magaji ba, sai aka ɗaure ƙofar da igiya, ni kuma aka ɗora mini jagorancin zaman da muke yi kowace Juma'a bayan la'asar.

A shekarar fuka ta sako matata Mastura gaba. Da rana ta take, ɗakinmu ya koma tanda, sai ka ji numfashinta tun daga bakin ƙofar gida. Likita ya ce a raba ta da kwano. Na kawo maganar ɗakin Malam a zama, mutum huɗu suka ce ai wannan ba abin tambaya ba ne. Saura Na'ibi.

Na'ibi ɗan dako ne a tashar jiragen ruwa, kuma a iya sanina bai taɓa cewa a'a ba. Abin da ya fi a'a muni yake yi.

"Ni ban ƙi ba, ya jama'a," in ji shi. "Amma littattafan Malam fa? Wa zai ɗauke su, a kai su ina? A dai ƙara dubawa."

Hannunsa na cinya har aka kira magariba.

Juma'a ta biyu mun kwashe littattafan zuwa masallaci. Sai ya tuna Malam yana da wani ɗan ƙane a garin Madani, can Sudan, ya kamata a rubuta masa. Ta uku ya ɗauko labarin yadda aka raba ruwa a cikin jirgi shekara goma sha biyar baya, ya rantse an tauye shi. Ta huɗu muna shirin ɗaga hannu ya ce alwalarsa ta karye, ya ɗauki buta, bai dawo ba. Haushi ya kusa kashe ni, amma na san ciwonsa. Kwana shida a mako ana daka masa tsawa a tasha, yalla maza ɗauki, yalla ajiye. A kan tabarmar zamanmu kaɗai ake jiran bakinsa, shi ya sa ba ya son a naɗe ta.

Rabi, matar maƙwabcina Abdulwahid, ta tare ni a bakin randa.

"Usuman, igiya ce fa a ƙofar nan, ko kwaɗo babu. Ka kwance, ka ɗauki matarka ka shigar, halas, shi ke nan. Wa zai fito da ita?"

Na ce mata ni ne mai riƙon doka. In na karya yau, gobe kowa zai yi abin da ya ga dama, gida ya watse. Ta dube ni sama da ƙasa, ta ɗauki ruwanta ta wuce. Na shiga ɗaki ina jin na yi maganar manya.

Mastura ba ta taɓa yi mini ƙorafi ba. Duk Juma'a in na dawo sai ta dubi fuskata, ta juya bango. Sau ɗaya ta tambaye ni, tana tsayawa tsakanin kalmomi: "Saura Juma'a nawa, maigida?" Na ce wannan mai zuwa, in sha Allahu.

Ranar Laraba da azahar Mastura ta cika, ina kasuwar Bab Makka ina auna wa wani yadi. Na'ibi ne ya ɗauki gaban makara, ya ƙi yarda a karɓe shi har maƙabarta, yana kuka kamar 'yar'uwarsa ce. Kukan na gaskiya ne, shi ya sa na ƙara tsanarsa.

Da Juma'a ta zagayo aka shimfiɗa tabarma. Kafin in buɗe baki ya riga ni.

"Ya jama'a, a ba Usuman ɗakin nan, shi da 'ya'yansa mata. Ma'alesh, a yi haƙuri, mun yi jinkiri. Yalla, Fatiha."

Shi ya fara ɗaga hannu, sauran huɗun suka bi. Suka tsaya haka suna kallona. Na dubi igiyar ƙofar, wadda ko mai hannu ɗaya zai iya kwancewa, na ji hannuna ya yi nauyi a cinya.

"A dai ƙara dubawa," na ce.

Shekara tara ke nan. Har yanzu muna zama, amma ba mu sake yanke ko maganar gyaran shinge ba. Ɗakin yana nan ba kowa, sau biyu igiyar na ruɓewa ina sake ta.