Injin Sharar Mama

Shekara ashirin da biyu Injiniya yana gyaran kayan lantarki, duk layinsu babu firij ko dutsen gugar da bai san hannunsa ba. Shi ya sa ranar da ya shiga falon mahaifiyarsa ya tarar da injin shararta a wargaje a kan tebur, kusoshi a jere cikin faranti, mijin Auta kuma riƙe da sukudireba, sai ya yi turus a bakin ƙofa.

Injin tsoho ne mai jikin ƙarfe, marigayi Baba ya sayo shi tun Injiniya yana firamare. Mama ta ce kwanan nan kafin ta share rabin kafet sai ya ɗau zafi, ya yi ƙauri, ya mutu, sai ya huce sannan ya sake tashi. Ɗan albarka ne ya ce zai duba mata. Ɗan albarka kuwa shi ne mijin Auta, malamin lissafi, wanda ko tari ya yi sai Mama ta ce ya iya.

Injiniya ya zauna, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. Malamin ya yi masa bayani cikin ladabi: ya sauya buhun ƙura, ya wanke matacin, ya zura sanda a tiyo bai tarar da komai ba. Yana magana yana juya fankar moton da yatsa. Wata ƙara ta fito, ƙaras ƙaras, kamar ana tauna yashi. Nan take Injiniya ya gane boris ne, zoben ƙwallayen ƙarfen da moton ke juyawa a kai, ya bushe, shi ke riƙe moton har ya yi zafi. Ya ja bakinsa ya tsuke. Mama ta kawo shayi, ta fara miƙa wa surukinta, a kofin Baba.

Malamin ya harhaɗa injin ya jona. Minti biyu, ƙauri ya fara tashi. Injiniya ya san idan aka ƙara minti uku koyil, naɗin wayar cikin moton, zai ƙone, kuma irin wannan koyil ɗin ko da fitila ba a samunsa a kasuwa. Zuciyarsa ta ce bar shi, gobe ma a kira malamin lissafi. Ya kurɓi shayi. Ya sake kurɓa. Da kukan injin ya koma nishi, sai kawai ya ga kansa a tsaye, filogi a hannunsa.

"Miƙo sukudireban nan kafin ka yi kisan kai," ya ce.

Ya zare boris ɗin, ya wanke shi da kananzir, ya cika shi da giris ɗin da ke akwatin babur ɗinsa. Malamin ya riƙe masa tocila, yana tambaya yana gyaɗa kai, har ya ce ai da tun farko Yaya aka kira da ba a sha wannan wahalar ba. Maganar ta ƙara ƙona wa Injiniya rai, don ya laluba bai sami ba'a a cikinta ba.

Aka kunna. Mama ta share falo da ɗaki, ta dafa jikin injin, ɗumi kawai. Ta juya ta yi ta shi wa surukinta albarka, shi da ya ɓata hutunsa guda a kan kayanta. Injiniya kuwa ta ce masa sannu, ai shi aikinsa ne.

A bakin ƙofa ya kasa haɗiyewa. Ya tambaye ta, murya ƙasa-ƙasa, me ya sa ba ta kira shi ba.

"Fankar ɗakina tana ina?" in ji ta.

Wata goma sha ɗaya ke nan da ya ɗauke ta gyara, ya ce jibi zai dawo da ita.

Daga nan shago ya wuce. Ya tono fankar a ƙarƙashin tarin rediyoyi, gizo-gizo ya yi mata saƙa. Waya ɗaya ce ta tsinke. Da la'asar ya kai mata, ya ɗaura da kansa, ya tsaya har ta yi juyi uku. Mama ta ɗaga kai ta kalla, ta ce madalla, dama ɗan albarka ya ce zai sayo mata sabuwa, bari ta kira shi ya fasa.